Abin da Tsofaffin Taswirori Ke Faɗa Game da Bakin Tekunmu

A wannan wata ina so mu tattauna a kan wani abu da yawancinmu muka baro a aji tun ranar da muka gama makaranta, wato taswira. Mun san ta a matsayin wata ƙatuwar takarda da malami ke ratayawa a bango, a ce yaro ya tashi ya nuna inda kogin Volta ya faɗa teku, in ya kasa ya sha bulala. To, ni dai shekara kusan 20 da na yi ina koyarwa tun fitowata daga kwalejin horon malamai sun nuna mini cewa tsohuwar taswira shaida ce kamar mai ba da shaida a gaban alƙali. Ta ga wani abu da idonta, tana kuma da wanda ya aiko ta. In ka iya yi mata tambaya za ka ji abin da babu shi a littafin tarihin da muke ba yara.

Gaɓar tekun Gana, daga Half Assini a yamma zuwa Aflao a gabas, ta haura kilomita 500. Babu wani yanki na ƙasar nan da aka zana a takarda tun da wuri, aka kuma yi ta maimaita zanensa, kamar wannan siririn yanki. Dalili kuwa zinariya ce. Turawan Fotugal sun iso nan a 1471, a 1482 suka gina gidan ganuwa a Elmina. Shekara 20 kacal bayan haka, a 1502, aka zana wata taswirar duniya a Fotugal wadda ake kira taswirar Cantino, tana nan har yau a birnin Modena na ƙasar Italiya. In ka dubi Afirka ta Yamma a cikinta za ka ga hoton gidan Elmina ƙato, ya cinye filin da ya ishi wata ƙasa guda. Mai zanen ya ba ginin girma daidai da ribar da sarkinsa ke samu daga wurin.

Haka kuma sunayen da suka raba wa gaɓar. Wajen Laberiya suka ce gaɓar barkono, gaba kaɗan gaɓar hauren giwa, tamu gaɓar zinariya, wadda kakanninmu ke kira Gwalkwas, daga wajen Volta zuwa gabas kuma gaɓar bayi. Kowane yanki an kira shi da sunan hajar da ake saye a cikinsa, kamar yadda ake raba rumfunan kasuwa. Garuruwan ma ba su tsira ba. Mutanen Cape Coast suna kiran garinsu Oguaa, na Elmina suna cewa Edina, na Winneba kuma Simpa, amma abin da ya hau takarda shi ne abin da ya zo a bakin matuƙin jirgi. Ita kanta kalmar Volta ta Fotugal ce, ma'anarta juyawa.

Saboda haka abu na farko da nake koya wa yara shi ne su tambayi taswira: wa ya zana ki, kuma a ina yake tsaye? Masu zanen farko a kan jirgin ruwa suke. Abin da ya dame su shi ne inda duwatsu suke a ƙarƙashin ruwa, da inda za a saki anga, da tsaunin da za a hango daga nesa a gane an iso. Shi ya sa bakin ruwa yake cike da rubutu, cikin ƙasa kuwa fayau, sai dai a cike gurbin da hoton giwa ko na bishiya. Bahaushe ya ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Mutane suna can da garuruwansu da kasuwanninsu, mai zanen ne bai gan su ba.

Taswirar da na fi so a cikin dukan tsofaffin ita ce wadda Turawan Holan suka zana a watan Disamba na 1629 a Moree, kusa da Cape Coast, inda suke da gidan ganuwa mai suna Nassau. Wannan ta shiga cikin ƙasa. Ta jera ƙasashe da dama, manya da ƙanana, daga bakin teku har can arewa, kusa da wasu sunayen kuma an ɗan rubuta abin da mutanen wurin suka shahara da shi: waɗannan masu zinariya ne, waɗannan 'yan kasuwa, waɗannan mayaƙa. Baturen da ya zana ta bai taka waɗannan wurare ba. Fataken da ke saukowa da zinariya ya zauna da su yana tambaya, suna lissafa masa wanda ke makwabtaka da wane. Wato ilimin na mutanen ƙasa ne, alƙalamin ne na Bature. Can sama akwai wani wuri da aka rubuta Insoco, wanda masana ke dangantawa da Begho, babbar kasuwar da Wangarawa Musulmi ke zuwa sayen zinariya. Abin da ke ba yara mamaki kuwa shi ne duk neman da za su yi ba za su ga Kumasi ba. A 1629 ba a kafa ta ba. Sai a ƙarshen wannan ƙarni Osei Tutu ya haɗa kan Asante, a 1701 suka karya Denkyira. Yaron da ya taso yana jin kamar tun da aka halicci duniya Kumasi take, takarda guda ta nuna masa cewa mulki ma haihuwarsa ake yi.

Mu dawo Ankara, kamar yadda mu Hausawa ke kiran Accra. A takardun Turawan Holan na wancan ƙarni akwai Babbar Accra da Ƙaramar Accra. Babbar ba a bakin teku take ba. Tana cikin ƙasa, a Ayawaso, nan ne fadar sarkin Ga take. Ƙaramar ita ce ta masunta a bakin ruwa. A 1677 mayaƙan Akwamu suka ci Ayawaso a zamanin sarki Okai Koi, jama'a suka gangaro bakin teku suka fake a gindin gidajen ganuwar Turawa. Gidajen kuwa uku ne: na Holan da aka gina a 1649, wanda yau ake kira Ussher Fort, na Denmak a Osu, wato Christiansborg, a 1661, da na Ingila, James Fort, a 1673. Taswirorin da suka biyo baya suna nuna garuruwa uku ne dabam-dabam, kowanne da tutarsa, alhali tsakanin James Fort da Ussher Fort tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa. Denmak ta sayar wa Ingila nata a 1850, gidan Holan na Ankara ya koma hannun Ingila a 1868, a 1877 kuma aka ɗauke babban birni daga Cape Coast aka kawo nan. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda har gobe mutumin James Town da na Ussher Town da na Osu kowa ke riƙe da sarautarsa da alfaharinsa ba.

Wani amfanin tsohuwar taswira shi ne tana riƙe da garuruwan da suka ɓace. Duk wanda ya kai yara yawon buɗe ido Elmina ya ga fili a yamma da gidan ganuwar, tsakanin teku da tafkin Benya. A taswirorin zamanin Holan wannan fili cike yake da gidaje, da yawansu na dutse, da lunguna, dubban mutane na zaune a ciki. Nan ne ainihin tsohon garin. Da Holan ta miƙa wa Ingila wuraren da suka rage mata a 1872, mutanen wannan ɓangare suka ƙi yarda, domin su abokan Asante ne. Aka kama sarkinsu Kobina Gyan aka kai shi Saliyo, ranar 13 ga Yuni 1873 kuma aka yi wa garin ruwan igwa aka ƙone shi, ba a sake bari an gina shi ba. A shekarun 1980 wani masani mai suna Christopher DeCorse ya yi tono a wurin, ya sami harsashin gidaje da tukwane da duwatsun ado. Masu yawon buɗe ido suna wucewa ta kan gari guda ba su sani ba, idonsu na kan farin ginin Bature.

Elmina wuta ce ta ci ta, Keta kuwa ruwa. Turawan Denmak sun gina gidan Prinzenstein a can a 1784. A taswirorin farkon ƙarni na 20 akwai tituna da kantuna da gidaje tsakanin ginin da teku. A 1980 teku ta rushe babban ɓangare na ginin kansa, titunan kuwa tuni kifi ke yawo a kansu. Masana sun ce daga cikin dalilan akwai madatsar ruwa ta Akosombo da aka gama a 1965. Da can kogin Volta na kwaso yashi ya zuba a bakin teku, igiyar ruwa ta tura shi gabas, ya mayar da abin da teku ta ɗebe. Da aka datse kogin sai yashin ya riƙa kwantawa a bayan madatsa, teku na ɗiba babu mai mayarwa. A farkon shekarun 2000 aka yi babban aikin jera duwatsu don kare garin. In ka ɗora taswirar da a kan ta yau, kai da kanka za ka auna abin da ya tafi, ba sai wani ya gaya maka ba. Gani ya kori ji. Tema ma haka: inda tashar jiragen ruwa take, wadda aka buɗe a 1962, ƙauyen masunta ne, aka tashe su a ƙarshen shekarun 1950 aka kai su Manhean.

To, yanzu ga tambayar da na san tana ran mai karatu: mu 'yan zango ina muke a cikin waɗannan takardu? A na farkon dai ba mu ciki, kuma babu abin kunya a faɗi haka. Hanyar kakanninmu ta tudu ce. Fatake suna tasowa daga Kano da Katsina da jakuna, su kawo kanwa da tufafi da fatu, su sayi goro a Salaga ta ƙasar Gwanja su juya. Sarakunan Asante ba sa barin su wuce zuwa teku. Amma hannun Musulmi ya shiga taswirar Bature ta wata ƙofa. Da Bowdich ya je Kumasi a 1817, Dupuis kuma a 1820, wurin malamai da fatake Musulmi na garin suka samo jerin zanguna daga Kumasi zuwa Salaga, zuwa ƙasar Hausa, har gabas, wasu a rubuce da Larabci: daga gari kaza zuwa gari kaza kwana kaza. Da wannan suka cike wuraren da ke fayau a taswirorinsu. Bafatake bai san kamfas ba, amma yana ɗauke da taswira a kansa, ma'auninta kwanakin tafiya da rijiyoyi da sunan maigidan da za a sauka wurinsa.

Saukowarmu bakin teku da yawa ta zo ne ta hanya biyu. Akwai sojojin Hausa da Glover ya fara tarawa a Legas, waɗanda aka kawo yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, wasu suka zauna ba su koma ba. Akwai kuma fatake, waɗanda karyewar Asante a 1874 ta buɗe musu hanyar kudu, har aka fara loda goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙara watsa mutane zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara. Daga nan ne sunayenmu suka fara hawa taswirar gari. Ga Zongo Lane da Cow Lane a tsakiyar birni. Ga kasuwar Salaga a tsohuwar Ankara, sunan da ke tuna mana cewa cikin hajar da ta bi wannan hanya har da 'yan Adam, kuma fatakenmu ba su da tsarki daga wannan ciniki. Ga Sabon Zongo da Malam Bako ya kafa kafin yaƙin duniya na farko. Ga Nima a farkon shekarun 1930, ga Madina a 1959. Ka jera taswirorin Ankara bisa shekarunsu, za ka ga zango yana matsawa daga tsakiyar gari zuwa gefe, gari ya cim masa, ya sake matsawa.

Akwai wani aiki da nake ba 'yan ajina kowace shekara. Na samo kwafin wata taswirar Ankara ta shekarun 1920, zamanin Gwamna Guggisberg, wanda shi kansa safiyo ne kafin ya zama gwamna. Nakan raba musu ita tare da taswirar yau, in ce kowa ya nemo gidansu a duka biyun. Aji yakan yi tsit na ɗan lokaci, sa'an nan hayaniya ta tashi. Wata shekara wata yarinya daga Nima ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, taswirar nan ba daidai take ba, an manta da unguwarmu." Na ce mata ba mantawa aka yi ba, a lokacin wurin daji ne da makiyaya. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ashe kakata ta kusa kai unguwarmu shekaru." Daga ranar ta fara yi wa kakar tambayoyi, ta cika littafi guda da abin da ta ji.

Abin da ya fi tsaya wa yaran a rai shi ne ruwa. A tsohuwar taswira tafkin Korle yana da faɗi, kuma duk gefen kogin Odaw an yi masa 'yan zane-zanen da safiyo ke nuna dausayi da su. A ta yau wurin gidaje ne da kasuwanni da gareji. Ranar 3 ga Yuni 2015, da aka yi ambaliya da gobara a wajen Kwame Nkrumah Circle, fiye da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ruwan ya bi hanyar da aka zana masa a takarda tun kafin a haifi iyayenmu. Na nuna wa wani dattijo a masallacinmu wannan taswira, ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ai mu ma mun rubuta wannan. Wa ya sa wa Fadama suna Fadama? Wa ya sa wa Tudu suna Tudu? Waɗanda suka raɗa sunayen ba su yi karatun safiyo ba, amma sun ga inda ruwa ke kwana da damina." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Kalmomi biyu na Hausa suna zaune a taswirar babban birnin Gana, kowane direban tasi na faɗinsu, 'ya'yanmu da yawa kuwa ba su san cewa gargaɗi ne da harshen iyayensu ba.

Sai dai kada mu ɗauki taswira kamar saukakken littafi. Mai zane yana kuskure, yana kwafar kuskuren wanda ya riga shi, wani lokaci kuma da gangan yake jan layi. Layin da ya raba Aflao da Lome, ya bar dangi guda na Ewe rabi nan rabi can, an ja shi ne bayan Jamusawa sun kafa tutarsu a Togo a 1884. George Ekem Ferguson, ɗan Anomabo, gwanin safiyo ne da ya zana arewacin ƙasar nan da ƙwarewa har ya rasa ransa a wajen Wa a 1897, amma aikinsa ya zama makamin da Ingila ta yi jayayyar iyaka da shi da Faransa da Jamus. Taswira tana iya nuna gonar wani babu kowa a kanta don mai gonar ba ya gida ranar da aka zo awo. Saboda haka shaidarta ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba, sai an haɗa da bakin dattawa, da kabarin da ke maƙabarta, da tsohon masallaci, da takardun da ke cikin adaka.

Wannan magana ba ta nishaɗi ba ce kawai a wurinmu. Iyayenmu sun ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda wa'adi su bar ƙasa, aka ga mutanen da aka haifa a nan suna hawa mota zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Har yau akan sami mai ce wa ɗan zango baƙo, ko da kakan kakansa a Ankara aka binne shi. Kuma mun sha ganin iyali sun wayi gari wani ya zo da takardar fili da zanen safiyo, su kuwa abin da ke hannunsu shi ne "kakanmu sarki ya ba shi." Maganar tasu gaskiya ce, amma babu ita a takarda. Sunan Zongo a kan taswirar da ta haura shekara 100 amsa ce da ba ta bukatar ɗaga murya.

Shawarata ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa ita ce a tashi a yi namu zanen tun dattawa na raye. Ba aiki ba ne mai tsada. A je ma'adanar takardun gwamnati a nemi kwafin tsohuwar taswirar unguwa. Wasu ma yanzu ana samunsu a intanet. A zauna da tsofaffi maza da mata a shimfiɗa ta a tabarma, su nuna da yatsa: nan gidan wanda ya fara sauka yake, nan rijiya take, nan turken shanu, nan makarantar allo ta farko, nan ruwa ke tsayawa. Yara 'yan makaranta su rubuta, a sa kwanan wata, a ajiye kwafi a masallaci da fadar sarkin zango da makaranta. 'Yan'uwanmu na Sekondi da Cape Coast da Keta da Ashaiman su ma su yi nasu. Matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya sami wanda zai tambaya da rai.

Ga 'yan'uwana malamai kuma, mu daina sa yara haddace sunayen koguna kawai. Mu ba su taswira biyu ta wuri guda masu shekaru dabam, mu bar su su gano bambancin da kansu. Mai shirin sayen fili shi ma ya tambayi yadda wurin yake a da kafin ya ba da kuɗinsa.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka sha rana da ƙura suka kafa mana waɗannan unguwanni, ya ba mu ikon riƙe amanarsu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.